Ƙarfin da Baba Ya Tara Wa Ƙanena

Ƙanena da yake bi mini ya fi duk wanda na taɓa cin tuwo kwano ɗaya da shi ƙarfi. A Nariya, ƙauyenmu, in aka yi gayyar noma shi ne yake fara fita ƙarshen gona, ya juyo ya taya na kusa da shi. Buhun masara shi kaɗai yake ciccibarsa ya aza a amalanke, yana yi yana hira. Amma ka ce ya ruga daga ƙofar gidanmu zuwa bakin rafi, kafin ya kai rabi za ka ji ƙirjinsa yana gurnani kamar tsohon injin niƙa.

Ni a lokacin malamin motsa jiki ne a wata firamare a Rano, aikin da babu wanda ya ɗauke shi aiki a gidanmu. Malamin tsalle-tsalle Baba yake kirana, ko a gaban baƙi. Yakan ce ya kai ɗa makaranta don ya zama mutum, gwamnati ta ba shi usur ta ce ya bi yara yana busawa. Nakan yi dariya tare da kowa, amma abin yana ci mini rai.

Shekarun nan ne da soja suka koma bariki, fastocin 'yan siyasa suka rufe kowace katanga, aka kuma ƙaddamar da shari'a a Kano. Wa'azi da alkawari sun wadata, aiki ne dai babu. Ƙanena ya gama sakandare, ya yi shekara huɗu yana noma, kuma babu abin da yake so a duniya kamar shiga soja. Ya je tantancewa sau ɗaya. Abin da ake fara yi a can shi ne gudu: a jera samari ɗaruruwa a sake su su yi tafiya mai nisa, waɗanda suka fara isowa a miƙa musu kati, in katin ya ƙare sauran su kama hanyar gida. Shi ko isowa bai yi ba, motar da take bin baya tana kwasar waɗanda suka zube ita ta kawo shi. Saura masa dama ɗaya, don in shekara mai zuwa ta wuce shekarunsa sun haura ƙa'ida.

Rannan da rani sai ga shi a ɗakina a Rano. Ya daɗe yana sosa ƙeya kafin ya ce, "Yaya, abin nan naka da kake koya wa yara, ko za ka koya mini?"

Wallahi har yau ina jin daɗin wannan tambaya. Karo na farko ke nan da wani a gidanmu ya nemi abin da na sani.

Na zaunar da shi na yi masa bayani yadda zai gane. Na ce ƙarfin damtse daban, ƙarfin zuciya da huhu daban. Zuciya ma tsoka ce, in kana sa ta aiki kullum-kullum sai ta ƙara ƙwari, bugu ɗaya ya tura jinin da a da sai ta yi biyu, numfashi ya daina yanke maka. Na kuma gaya masa abin da ya fi muhimmanci, cewa wannan ƙarfin ba ya ajiyuwa. Ka daina gudu na 'yan makonni, ya fara zarewa. Shi na yi wa wannan bayani, sau ba adadi. Baba ban taɓa zama na yi masa ba, don na san abin da zai ce, kuma wannan ita ce wautar da na tafka.

Muka fara. Kwana huɗu a mako yana fita bayan sallar asuba ya bi hanyar Kibiya, ni kuma duk Asabar in hau kekena in zo in duba shi. Mutanen garinmu ba su taɓa ganin baligi yana gudu ba tare da dalili ba. Duk wanda ya ci karo da shi sai ya ce, "Lafiya? Wa ya biyo ka?" Wani dattijo har ya yar da itacen da ya ɗauko ya rufa masa baya, a zatonsa gobara ake yi. Sai kuma maganar wando ta taso. Limamin unguwa ya aiko wa Baba cewa a wannan zamani da ake gyara, bai dace ƙato ya riƙa ratsa gari gwiwa a waje ba. Inna ta yanko tsohuwar atamfarta ta ƙara wa gajeren wandon tsawo har ƙauri. Haka ya riƙa gudu, sama baƙi, ƙasa furanni, yara suna yi masa ihu, bai fasa ba.

Na koya masa ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ya ƙirga bugun zuciyarsa da safe kafin ya tashi, na bar masa agogona. Da muka fara, bugun yana haura tamanin a minti. Bayan wata uku ya sauko sittin da 'yan kai. Ranar da na bi shi a keke har bakin Kibiya muka juyo, yana gudu yana ba ni labarin wani rikicin iyakar gona, na san yaron nan ya samu. Sai dai ya faɗa. Kumatun sun zube, ƙashin wuya ya fito. Na ga Baba yana bin sa da kallo in ya wuce, ban kawo komai a raina ba.

Da dogon hutu ya zo, tsakiyar damina, aka tura ni kwas na mako bakwai a Kano. Lokacin waya ba ta iso ƙauyenmu ba. Na rubuta masa abin da zai yi kowace rana a bayan wata kalanda, na tafi hankalina kwance.

Na dawo saura kwana biyar tantancewa. Ina yin sallama na tarar da mutum kishingiɗe a zaure kan tabarma, ga ƙwaryar fura da nono a gefe, ga ɓawon ƙwai a kwano. Sai da na sake dubawa na gane ƙanena ne. Kumatu sun ciko, fata tana ƙyalli.

Na ce, "Yaushe rabonka da gudu?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun kwana uku da tafiyarka, Yaya."

Na kamo hannunsa na ɗora yatsu. Ban ma ƙarasa ƙirgawa ba na saki, don raina ya gama ɓaci. Na ce, "Duk abin da na gaya maka a iska ya tafi ke nan?"

"Yaya, Baba ya ɗauki fartanyata ya tafi gona da kansa don in kwanta. In ce masa me?"

Ashe abin da ya faru ke nan. Baba ya dubi ɗansa ya ga ya rame, ga babbar rana tana matsowa, sai ya yi masa abin da yake yi wa shanun huɗarsa. Kafin damina ba ya bari a ɗaura musu ko amalanke. Yakan ɗaure su a inuwa, ya cika su da harawa da dusa, don ranar da aka sa musu garma su fito da ƙarfinsu cif. Haka ya ɗaure ƙanena a zaure. Ya hana shi gudu, ya hana shi noma a tsakiyar damina, lokacin da ko mara lafiya ba a ɗaga wa ƙafa. Shi da ya haura sittin ya karɓi aikin saurayi ya haɗa da nasa. Maƙwabtanmu Fulani kullum suna kawo kindirmo da man shanu, Inna tana dafa ƙwan zabi.

Da Baba ya dawo daga gona na durƙusa na gaishe shi, na ce ina neman izini yaron ya fita da asuba ko sau biyu ne.

Ya ce, "Ba inda za shi. Ƙarfin da na yi mako bakwai ina tara masa kake so ka zubar a hanyar Kibiya?"

Na ce, "Baba, mutum ba kamar sa ba ne, irin wannan ƙarfin ba ya taruwa, sai dai..."

"To, malamin tsalle-tsalle. Shekara nawa ka yi kana kiwo?"

Na tashi na fita. Takaici ya hana ni cin tuwo. Kuma ko da ya yarda, na san kwana biyar ba za su dawo da abin da mako bakwai suka ci ba.

Ni na raka shi Kano. Na tsaya cikin 'yan rakiya a wajen da ake ƙarewa, ina kallon sojan da yake riƙe da katunan. Waɗanda suka tsaya a farkon hanya sun ce ƙanena yana cikin na gaba-gaba da aka tashi. Samari suka fara isowa, kati yana raguwa, ina leƙen hanya. Can na hango shi, baki buɗe, hannu dafe da haƙarƙari, ƙafafun nan masu ƙarfi suna jan ƙasa. Bai faɗi ba, bai kuma shiga mota ba, da ƙafarsa ya iso. Amma kati na ƙarshe ya riga ya tafi, kuma na ƙirga waɗanda suka shiga tsakaninsa da mai katin, ba su kai goma ba. Ya miƙa hannu duk da haka. Sojan ya buɗe masa tafukansa biyu, babu komai.

Muka hau motar Rano. Wajen saukowa ya kwance agogona daga hannunsa ya miƙo mini.

Mun isa gida bayan la'asar, Baba yana wanke ƙafa a ƙofar zaure. Ya saurari labarin, ya ce Allah bai nufa ba, ya sa wa ƙanena albarka ya ce ya shiga ciki. Sannan ya juyo gare ni, ba faɗa, ba tsawa, muryarsa a raunane.

"Ka gani ko? Wata uku kana tsiyaye yaron nan a kan hanya. Ina mako bakwai zai ishe ni in mayar masa da abin da ka zubar? Da tun farko ka bar mini shi, da yanzu wani zancen ake yi."

Amsa tana bakina, cikakkiya, wadda na yi shekaru ina karantarwa. Sai idona ya sauka a kan hannayensa da ke riƙe da buta. Duk sun faffashe, kantar noma ta fashe ta sake fitowa a kan wata, bayansa kuma ya ƙi miƙewa tun da ya karɓi fartanyar ƙanena.

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ƙanena yana Nariya yana noma har gobe, kuma bai sake gudu ba. Ni na ci gaba da busa usur, ina gaya wa 'ya'yan mutane aji bayan aji cewa zuciya ba rumbu ba ce, ba a tara mata ƙarfi a rufe. Baba kuwa ya rasu bayan shekara shida, yana nan a kan cewa ni na hana ɗansa shiga soja.