Hular da na ɗora wa ƙwarangwal

Wawa na farko da na sani a Zuru ni ne, sai dai ban gane ba sai da furfura ta cika mini kai. Maɗori ne ni a lokacin, gadon ubana. Boko aji biyu na yi na gudu, amma baki kam Allah ya ba ni.

Wata shekara aka tara mu maɗora, wata malamar asibiti ta zo da ƙwarangwal na roba don ta koya mana yadda gaɓoɓi ke aiki. Ta kama gwiwar hannunsa tana lanƙwasawa, ta ce kamar ƙyaure take, in an daɗe ba a buɗe ba sai ta cije. Ta ce jijiyar jini na bi ta wurin, in ɗauri ya matse har yatsu suka yi sanyi a kwance shi nan take, karayar da ta shiga gaɓa kuma a kai a ɗauki hoto. Ni kuwa na tashi na ɗora wa ƙwarangwal ɗin hulata, na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi wane likita ne ya yi masa magani har ya rame haka. Aka fashe da dariya. Baiwar Allah ta tattara kayanta, ni na koma gida ina jin na ci kokawa.

Da damina ƙanena ya faɗo daga babur a hanyar Danko, gwiwar hannun dama ta karye. Na karya ƙafar kaza na ɗora tare da shi yadda muka gada, wai in ta warke shi ma ya warke, na miƙar da hannun sambal, na jera kara na ɗaure tamau. Kwana biyu ya ce yatsunsa sun mutu, na ce raki ne, a garinmu na sojoji ba a kuka. Bayan kwana arba'in kaza ta miƙe tana ta kiwo. Da na kwance, hannun ya sandare, yatsun sun ƙanƙance. Manomi ne, yau ba ya riƙe garma, da hagu yake cin tuwo.

'Yan'uwana maɗora, gado ba ya hana sauraro. Dariyar minti biyar na saya da hannun ɗan uwata. Bai taɓa zagina ba, da ma ya zage ni. Ranar sallar da ta wuce muna cin abinci, loma ta suɓuce masa, ya dube ni ya ce, “Yaya, ita dai kazar ta warke, ko?”