Abu Wa'il da Ɗakin da Na Share

Daga Allah muke, can kuma za mu koma. Maƙwabcina Nazih, wanda duk unguwarmu a nan Irbid ke kira Abu Wa'il, ya rasu ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Rajab, da hantsi. Shekararsa saba'in da huɗu. Ciwon ƙoda ne. Aka yi masa salla bayan la'asar aka kai shi.

Karatuna aji uku ne, ban iya jera kalmomi ba. Abin da na sani zan faɗa.

Abu Wa'il, kai ba mai daɗin baki ba ne. Shekara talatin kana ofishin haraji, ka bar aikin amma fuskar aikin ba ta bar ka ba. Kana ƙasan bene muna sama shekara ashirin da biyu, ban taɓa jin ka yaba girkin kowa ba. Kai da mijina kun yi wata takwas ba ku gaisawa a kan tankin ruwa. Amma da ya mutu, kai ka tsaya kwana uku a ƙofa kana zuba wa masu gaisuwa gahawa.

Bayan mijina, makdus ne ya riƙe ni. In dafa yalo, in cusa masa tafarnuwa da barkono, in jiƙa a man zaitun, shaguna huɗu suna ɗauka. Na yi takardar sana'ar gida, ɗakin baƙi ya koma wurin aiki. Sai haya da haraji suka taru suka fi ƙarfina. Ɗana Rakan ya ce in hayar bana ta ƙare in tattara in koma wurinsa Amman. Ba mugun ɗa ba ne, matarsa ma ba ta taɓa min komai ba. Ni ce ba na so in ƙarasa kwanana ina tambayar inda ake ajiye cokali.

A matakala ka tare ni.

"Ummu Rakan, hayar ɗakin da kike aiki, da wutarsa da ruwansa, ana cire miki kafin a yanka haraji?"

Na ce, "Wa ya ce ana cirewa?"

"Shekara nawa kina biya haka?"

"Huɗu."

"To, gwamnati ta gode. Ki kawo min takardunki. Kar ki haɗo da makdus, ƙwannafi yake sa ni."

Ka hau da awo ka gwada ɗakin, tsawo da faɗi. Ka cike takarda, ka nuna min inda zan sa hannu. Ka ce in an yarda, abin da zai ragu zai ishe ni zama. Ka ce za a turo ma'aikaci ranar Lahadi ya ga wurin da idonsa.

Ni kuwa da na ji mutumin gwamnati zai shigo gidana, kwana biyu na yi ina aiki. Na kwashe kwalabe da robobi na kai saman rufi. Na wanke ƙasa sau uku. Na fito da darduma da katifun zama da matasai, na yi turare. Mutumin ya zo, ya sha gahawa, ya ce gidana tsaf. Bayan mako biyu takarda ta zo: ɗakin baƙi aka gani, babu alamar sana'a. An ƙi.

Da na kawo maka, ka cire tabarau ka ce, "Hajiya, me kika yi wa ɗakin?"

"Sharewa na yi. In sauke baƙo cikin warin tafarnuwa? Ba haka uwata ta koya min ba."

"Warin ya zo shinshinawa! Ko an ce miki aurenki ya zo nema?"

Na ce, "Da ka faɗa min mana, tun da kai ne masani."

Na zaci za ka rama. Sai ka ce, "Gaskiyarki. Shekara talatin ban taɓa tunanin sai an ce wa mutum kar ya share ɗakinsa ba. Laifina ne."

Ka rubuta a sake dubawa. Na ce ka kira tsofaffin abokan aikinka su sa baki, ka ce haƙƙina ne, ba ya buƙatar aboki. Sau biyu ka je ofishin da ƙafarka ka bi layi. Sai daga baya matarka ta gaya min duk daga wurin wankin ƙoda kake wucewa. Da na sani da na hana ka, kai ma ka san haka, shi ya sa ba ka faɗa ba.

Ranar Litinin aka sake turo mutum. Na bar komai yadda yake: yalo yana tsiyayewa, ɓawon tafarnuwa a ƙasa, maiƙo a jikin ƙofa. A kan murfin roba na ajiye masa gahawa. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya yi atishawa, ya ɗauki hoto, ya tafi.

Na sauko na same ka kwance. Ka buɗe ido ka ce, "Kin share?"

"Ban share ba."

"Madalla, ƙazama."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Kwana biyu ka ƙara.

Takardar ta zo washegarin da aka tashi zaman makoki. An yarda. Na je wurin mai gida na sabunta haya, na kira Rakan na ce ya bar ɗakin da ya gyara min ya sa yaransa.

Allah ya jiƙanka, Abu Wa'il. Ya yafe maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya sauƙaƙa maka hisabi yadda ka sauƙaƙa wa wasu. Wa'il, Lubna, Suha, Allah ya ba ku haƙuri, ubanku bai bar muku abin kunya ba.

Ummu Wa'il, Allah ya ba ki dangana. Na riga ki shiga wannan hali, watan farko mutane za su cika gida, na biyu za ki ji shiru. Ina nan sama, ba inda za ni. Ki buga rufi da sanda, zan sauko.