Tomeko da Momo Mai Tauri

Shekara hamsin da ɗaya Tomeko Amemiya ta yi tana noman momo, wani ɗan itace mai zaƙi da ƙwallo a ciki, a yankin Yamanashi. Kowane ɗan itace tun yana kan reshe take ɗaura masa rigar takarda, har yatsunta suka karkace. A garinsu da taurinsa ake cin momo. Mai laushi sai mutanen birni, masu haƙoran ado.

Da gwiwarta ta ƙi, aka sare gonar. A bara 'yar wanta ta bugo waya daga Nagoya: wan nata Kikuo na asibiti, ya daina cin komai, momon gida kawai yake ambata. Likita ya ce saura kwanaki.

Tana sauka daga jirgin ƙasa ta faɗa babban kanti. Ga momo nan bibbiyu cikin leda, duk sun nuna luguf. Kanti na biyu ma haka. A na uku ta ɗaga ledar, ta shafa gindin ɗaya.

"Inna, ki yi haƙuri, ba a taɓawa," in ji manajan, wani mai sanƙo, yana rusunawa. "Shatin yatsa na fita."

"Ni za ka koya wa? Tun uwarka na goye nake wannan aiki. Ruɓaɓɓen abin nan kake gadi? Kawo min mai tauri."

"Ai ɗanye ba ma fitarwa, Inna. Masu saye ƙorafi suke yi."

"Wato akwai a ciki ke nan."

Ya yi dariyar yaƙe. Ita kuwa ta zauna daɓas a tsakiyar hanya, jama'a na ratse ta suna kallon ƙasa.

"Wana na can yana jan numfashi. In ya cika ban kai masa ba, nan zan kawo zaman makokin."

Sanƙon ya jiƙe da gumi. Ya shiga ciki, ya fito da kwalin da aka sauke da safe. Da ido kawai ta zaɓi biyu.

Ta tarar Kikuo ko ruwa ba ya iya haɗiyewa. Ta wanke ɗaya, ta kai bakinta daidai kunnensa, ta gatsa. Ƙaras!

Ya buɗe ido. "Na garinmu ne?"

"Ina fa, Yaya! Na wani rago ne, ko rana bai bari ya sha ba."

"Ƙara," ya ce.

Ta ƙara, tana zagin manomin da baki cike.