Ranar da Madam Rahamatou Ta Hana Yagana Wasa

Ana idar da sallar asuba Madam Rahamatou ke ɗaure raga a filin makarantarmu a nan Diffa, kafin rana ta gasa yashi. Shekara ashirin da shida tana koya wa ƴan mata ƙwallon raga, bana za ta ajiye aiki. Kowace Litinin takan jera su gindin bango, kowacce ta shafa alli a yatsu, ta yi tsalle ta taɓa iya inda hannunta ya kai. Ta haka take gane abin da gasa ke yi wa jiki. Da farko tsalle na ƙaruwa, numfashi na daɗewa. In wasanni suka yi yawa sai alamar ta fara sauka, gwiwa da kafaɗa su kama ciwo.

Bara, saura kwana uku wasan ƙarshe da ƴan Maine-Soroa, alamar Yagana ta sauka da yatsa huɗu. Yagana ɗiyar ƙanena ce, bugunta ba ya taruwa. Ashe bayan horo tana wucewa gonar tattasai a bakin kogin Komadugu ta taya uwarta tsinka. Gwiwarta ta kumbura, ta ɓoye. Madam ta duba gwiwar, ta ce ba za ta buga wasan ba.

"Madam, zan iya," in ji ta.

"Na sani, ɗiyata. Gwiwar ce ba za ta iya ba."

Shugaban makaranta, Mushe Labaran (haka muke kiran malamai maza a nan), ya tako har fili ya ce, "Madam, kofi ne fa." Ta ce, "Baɗi ma akwai kofi, Mushe. Ba zan sa ta ba."

Aka cinye mu. Har a kasuwa aka yi mata habaici, ni kaina mako guda ban gaishe ta ba. Da muka kai Yagana asibiti, likita ya ce da ta buga da jijiyar ta tsinke. Wata biyu Madam na hawa moto, wato babur, zuwa gidansu tana motsa mata ƙafar. Bana Yagana ta buga wa jiharmu a Damagaram, garau.

Ke ce uwar ƴan raga, Madam. Kin yarda a zage ki don ɗiyar wani ta tsira da ƙafarta. Mun gode, ni kuma ki yafe mini. Ku masu horar da ƴaƴan mutane, ku yi koyi da ita: kafin ku tura yarinya fili, ku duba jikinta.