Riɗin Inna da Iskar Helikwafta

Shekarar da jirage masu saukar ungulu suka yawaita a saman Kontagora, ita ce shekarar da yayata ta baro ƙauyensu na bayan Sahon Rami, saboda zaman ya gagara. Ba ta fito da komai ba sai 'ya'yanta, da tukwane biyu, da wani ƙaramin buhu da ta goya kamar jariri. Riɗi ne a ciki, mudu biyu.

Irin Innarmu ne. Fari ne, ƙanana, idan aka soya shi maƙwabta sai sun sani. Tun muna yara Inna take ware iri duk shekara, da ta rasu Yaya ta ci gaba. Na kasuwa ya fi shi girman ƙwaya amma ba shi da wannan ƙamshin, kuma ban san kowa da ke da irinsa ba.

Yaya ta sauka a gidan dangin mijinta, inda mutane suka yi yawa. Ta kawo min buhun ta ce, "Riƙe min wannan. Idan na bar shi a can, ranar da aka rasa abin miya za a daka shi. An yi min alkawarin gona a Salka, in damina ta yi tsakiya zan shuka."

Ni ɗinkin buhu nake yi a kasuwa, karatuna bai wuce firamare ba. Kuma ina da wani hali da na kasa rabuwa da shi: sai in kulle ƙofa, in yi nisa, in dawo in taɓa kwaɗon. Saboda tsoron ɓera na ƙi ajiye riɗin a ƙasa, na rataye shi a azara. Ban lura ba ashe daidai wurin ne kwanon rufin ya huje. Ruwan farko ya sauka ina kasuwa. Da na dawo na tarar da buhun yana ɗiga.

Ban faɗa wa Yaya ba. Na ce bari in busar da shi tukuna, kada in ƙara mata damuwa a kan wadda take ciki.

Tsakar gidan da nake haya ba ta samun rana sosai, ga kajin maƙwabta. Amma akwai filin makarantar firamare a unguwarmu, kuma ana hutu. Na je na nemi izinin mai gadi, har sau biyu, don na farko ban tabbata ya ji ni da kyau ba. Na farke tsofaffin buhuna na ɗinke su suka zama shimfiɗa, na baza riɗin a tsakiyar filin inda ƙasa ta fi tauri.

A bakin filin akwai wata bishiyar dogon yaro, nan majalisarmu take. Mu huɗu ne ba ma fashi: ni, da wani tsohon soja da muke kira Kofur, da mai cajin waya, da taubashina direban motar haya. Ban daɗe da zama ba muka ga wasu mutane sun shigo filin da bokitin farar ƙasa, suna zana wata babbar da'ira, taku kaɗan daga shimfiɗata. Mai gadi ya ce wani babban mutum ne zai zo jaje, kuma tun da hanya ba ta biyuwa, da helikwafta zai zo. Yaushe? Ya ce ana sa rai yau.

Na juya na ce, "Kofur, iskar fankarsa tana kaiwa ina?"

"Ya danganta da jirgin," in ji Kofur. "In na Rasha ne, mai ƙaton cikin nan, wannan shi ne jirgi. Ya ɗauki soja, ya ɗauki kaya, ba ruwansa da zafi. In ya lalace, sifana da guduma sun ishe shi."

Mai caji ya yi tsaki, ya zaro waya. "Baba Kofur, zamani ya wuce ku. Dubi na Amurka. Siriri kamar zanzaro. Yana ganin mutum a cikin duhu, kafin ka ji ƙararsa ya gama da kai. Naka na Rasha tun yana Rijau za ka ji shi, ka gama cin tuwo ka ɓuya."

"Wayarka ce ta hau shi?" in ji Kofur.

Mai caji ya ce, "To ga wani mai fanka biyu, gaba da baya. Mota yake ɗauka da igiya."

"Wannan ai tirela ce aka sa wa fanka," in ji Kofur.

Na ce, "Jama'a, riɗi nake tambaya. Zai kwashe shi ko ba zai kwashe ba?"

Taubashina ya kalle ni ya ce, "Kai dai bawana, tun muna yara inuwarka take ba ka tsoro. Ba a jirgi abin yake ba, a hannu yake. Ni da nake tuƙi na sani. Gwanin matuƙi, ka ajiye masa kofin shayi a ciki, ya sauka bai zubar ba. Ko ganye ba zai motsa ba."

"Gwani ba shi ne mai saukar da shayi ba," in ji Kofur. "Gwani shi ne wanda ya tashi da mutum goma ya dawo da goma."

"Gwani shi ne mai juya shi a sama kamar mazari," in ji mai caji. "Bari in nuna muku."

Suka haɗa kai a kan wayar. Ni na tashi na je na naɗe shimfiɗata. Riɗin bai yi awa ɗaya a rana ba. Na zauna da shi a cinya har la'asar, ina kallon sama. Jirgi bai zo ba.

Washegari haka. Na shanya da hantsi, sai ga motoci biyu sun tsaya a bakin makarantar, na ruga na kwashe. Ashe masu duba filin ne. Suka zagaya da'irar, suka tafi. Da na ce in sake shanyawa hadari ya haɗo. A majalisa kuwa an wuni ana musun wanda ya fi wuya, sauka a kan dutse ko sauka a kan jirgin ruwa, alhali babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu. Na sake yin tambayata sau uku. Sau uku ana fara ba ni amsa, sai a ɓalle a koma Rasha da Amurka.

Da yamma na buɗe buhun na sa hanci. Ƙamshin ya fara juyawa, wani warin ɗanshi yana tasowa. Na san idan bai sha rana sosai gobe ba, funfuna za ta kama shi.

Rana ta uku gari ya waye tas, babu gajimare ko ɗaya. Na je wurin Kofur tun kafin sauran su zo. Na durƙusa na ce, "Kofur, don girman Allah, ka bar zancen wanne ya fi. Amana ce a hannuna. Taku nawa zan matsa daga da'irar nan?"

Ya dubi filin kamar mai awo. Ya ce, "Arba'in."

"Ka tabbata?"

"Shekara nawa na yi a soja? Taku arba'in na ce. Ko hular kanka ba za ta faɗi ba."

Na ƙirga arba'in daga bakin farar ƙasar. Na ƙara goma don hankalina ya kwanta. Na dawo na sake ƙirgawa, don ina zargin na tsallake ashirin da bakwai. Wurin ya kusa da shingen makarantar, inda ciyawa ta fara tsirowa. Na danne kusurwa huɗu na shimfiɗar da duwatsu. Sai daga baya na gane duwatsun shimfiɗa suke riƙewa, ba riɗi ba.

Wajen azahar, riɗin ya fara yin ƙara a hannu, alamar bushewa. Ina cewa a raina in ba shi awa ɗaya in kwashe, sai jami'an tsaro suka cika filin. Suka kore mu gaba ɗaya zuwa bayan shinge. Na ce wa ɗaya, "Ranka ya daɗe, shanyata ce can, bari in ɗauko."

"Baba, koma baya."

"Minti ɗaya ne."

"Na ce koma baya."

Sai muka ji ƙarar. Mai caji ya ɗaga waya yana ɗauka. Kofur yana cewa, "Ku ji muryar, wannan na Rasha ne." Mai caji yana cewa ba shi ba ne. Jirgin bai sauko kai tsaye a kan da'irar ba kamar yadda na zata. Ta gefen shinge ya biyo, ƙasa-ƙasa, ta saman shimfiɗata. Na ga tsakiyar shimfiɗar ta kumbura, duwatsun suna riƙe da ita gam. Riɗin ya tashi kamar hayaƙi fari, ya bazu a cikin ciyawa da gindin shinge. Hular Kofur ma ta tafi.

Babban mutumin bai yi awa biyu ba ya koma. Tashin jirgin ya ƙarasa abin da ya rage. Da aka buɗe filin na shiga da tsintsiya. Na share, na sheƙe, na tsince har magariba. Abin da na samu bai cika gwangwanin madara ba, shi ma rabi yashi.

Na zo wucewa ta majalisa na tarar ana musu. Taubashina yana cewa matuƙin ɗan koyo ne, gwani ba ya biyowa ta gefe. Mai caji yana cewa dole ne ya fuskanci iska, haka ake yi, ya gani a waya. Na ajiye gwangwanin a gaban Kofur na ce, "Ga arba'in ɗinka. Har goma na ƙara."

Ya duba, ya kawar da kai. "Takunka ne gajere. Takun soja nake nufi."

"Kofur, tsakaninka da Allah, ka taɓa tsayawa kusa da shi yana sauka?"

Ya ce, "Na shiga sau ɗaya."

"Da ka shiga, iskar ta kai ina?"

"A kan gadon marasa lafiya aka sa ni. Zazzaɓi ne. Sai a asibiti aka ba ni labari."

Taubashina ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Kwana uku ina tambayar mutum, da ya ce min bai sani ba tun ranar farko, da na nemi wani wurin.

Sai da na kwana biyu kafin na iya zuwa wurin Yaya. Na shirya maganar a hanya, na fara da jirgi, da jami'an tsaro, da Kofur. Ta bar ni na gama. Ta juya gwangwanin a hannunta, ta shinshina.

Ta ce, "Yaushe ya jiƙe?"

Na faɗa mata.

"Da ka kawo min a ranar, da na baza shi a faifai uku a ƙofar ɗaki, in zauna a gabansa da sanda. Mudu biyu ne fa. Me ya kai mudu biyu filin ƙwallo?"

Har yau idan na tuna, wannan tambayar ta fi iskar jirgin yi min ciwo. Kunyar in ce mata amana ta jiƙe a hannuna ce ta kai ni filin, ba Kofur ba.

Ta shuka na gwangwanin a Salka. Ɗanshi ya riga ya taɓa shi, abin da ya fito kaɗan ne, shi ma ruwa ya yi masa yawa ya kwanta. Ta cike gonar da na kasuwa.

Ni kuwa na daina zama a majalisa, amma hanyata ta kasuwa ta bakin shingen take. Wata safiya na ga wasu tsirrai a cikin ciyawa, ganyensu ba na ciyawa ba. Na tsuguna na murza ɗaya na shinshina. Riɗi ne. Na bi shingen ina dubawa, suna nan jefi-jefi, tsawon inda iska ta watsa su.

Na je wurin shugaban makarantar na roƙe shi kada a nome wurin. Ya yarda, amma ya ce ba ruwansa da awaki da 'yan ƙwallo. Na saro ƙaya na kewaye. Kullum safe da yamma ina can. Awaki suka ci wasu, ƙwallo ta karya wasu, wata rana masu yankan ciyawa suka share kusan rabi kafin in iso. Na ƙirga abin da ya rage har na haddace su. Da suka yi fure taubashina ya biyo ya tsaya a kaina.

"To bawana, yanzu ka yarda gwani ne? Wane matuƙi ka taɓa ji ya yi shuka daga sama?"

"Ba kai ka ce ɗan koyo ne ba?"

"Na sake nazari."

Ya tafi ya kai maganar majalisa. Ina jin su daga inda nake, Kofur yana cewa ai dama jirgin Rasha ba ya ɓarna a banza.

Da kwanson ya fara yin rawaya na yanke kafin ya fashe, na ɗaure dami ƙanana, na jingina su a cikin ɗakina a kan shimfiɗa, nesa da inda kwano ya huje, duk da na riga na toshe shi. Da suka bushe na kaɗe. Bai kai rabin mudu ba.

Na kai wa Yaya. Ta ɗebi kaɗan ta tauna.

"Shi ne," in ji ta.

Na ce, "In kina so in ajiye miki har baɗi, na gyara rufin."

Ta ɗauko wata kwalba mai murfi ta juye shi a ciki, ta ɗaure bakin da tsumma, ta tura ƙarƙashin gadonta.

"Bar shi a nan," ta ce. "Ka gaida su Kofur."