Kwaɗo Biyu a Ƙofa Ɗaya

Mu shida ne ranar a bakin wani shago bayan Ƙofar 'Yandaka: ni, da ɗiyata wadda shan-inna ya naƙasa tun tana goye, da shugaban ƙungiyar guragu, da wani makaho mai tallar turare, sai Alhazai biyu. Ɗaya jigo ne a jam'iyyar da ta sayi kekunan guragu dab da zaɓe, ta faɗi. Ɗayan na wadda ta hau ne. Na farko ya datse shagon da kekunan a ciki don kada a raba a ce aikin sababbi ne. Na biyu ya ƙara nasa kwaɗon don kada fentin abokan hamayya ya riƙa yawo a gari. Shekara uku ke nan, ɗiyata tana jan gindi da silifa a hannu.

Wata biyar muna zarya kafin su yarda su tsaya wuri guda. Ko gaisawa ba su yi ba sai da na ce, "Alhaji, ga ɗan'uwanka. Miƙa mishi hannu, ba ya cizo."

Aka buɗe. Kekunan na jere sahu-sahu kamar masu jiran liman, duk sun fuskanto ƙofa, ko ledarsu ba a cire ba. A bayan kowane an rubuta sunan mai shi. Ni ban san baƙi ba, sai shugaba ya ja jiki ya shiga yana karantawa da ƙarfi. In ya kira suna biyu ko uku, sai makaho ya amsa daga waje, "Allah ya jiƙan shi." Tun ina amsa amin har na bari.

Can makaho ya karkata kai. "Wa ya hau na ƙurya? Ina jin sarƙa."

Na duba. Hannun tuƙin keken yana juyawa a hankali, ba kowa kansa.

"Ɓera ne," in ji Alhajin masu mulki, da ƙaramar murya. Ya fara maganar a rufe tukuna, sai an sa ranar biki da masu hoto.

Na ce, "To shiga ka jawo ƙyauren, ai ta ciki yake."

Bai motsa ba. Na juya ga ɗayan, shi ma yana kallon takalminsa.

"Tun da a cikinku ba mai iya shiga shi kaɗai, ku shiga tare. Ga sunan ɗiyata can, an kira, kuma da ranta."

Kafaɗa da kafaɗa suka shiga suna salati. Ɗaya ya kama gaban kekenta, ɗaya baya, suka fito da shi. Da suka fara ba su tsaya ba sai da na masu rai suka ƙare.

Washegari da hantsi na tura keken wurin mai faci ya ba shi iska. Ɗiyata ta hau ta miƙi hanyar Babbar Kasuwa. Na bi ta a ƙasa ina kira ta jira ni, ko waiwaye ba ta yi ba.