Bangon Ɗakin Dada Asta

Suhail ma'aikaci ne a wani ƙaramin ofishin zanen gidaje da ke Majidaɗi. A hannun kakarsa Dada Asta ya tashi, a Mayo Gwoi, ita ce kuma ta tsaya kai da fata sai ya yi karatu. A ofis an san shi da iya bango. In ya buɗe manhajar zane a kwamfuta, ba layi biyu yake ja ya ce ga bango ba. Hawa-hawa yake jera shi: filastar waje, bulo, soson da ke tare zafi, sannan allon ciki, kowanne da kaurinsa.

Shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da Dada a keken guragu, ɗanta Kawu Manga ya tashi gina mata gida a filinsa na Yelwa. Ya kira Suhail ya ce, "Kai za ka zana. Abu ɗaya ta roƙa, kada ɗakin ya yi zafi."

Suhail ya ba aikin ransa. Ɗakin da siririn lungun da ke kaiwa gare shi duk suna jikin bangon yamma ne, inda rana ke duka. Sai ya ƙara kaurin soson, ya bar rata ta iska bayan bulo. Bangon ya yi kyau a kwamfuta har abokan aiki suka zo kallo. Sai dai duk hawan da ya ƙara, ciki manhajar ke tura shi, lungun yana ta tsukewa. Ya gani da idonsa. Ya ce a ransa bari ya gama da rufi tukuna ya dawo ya gyara. Aiki ya yi yawa, Kawu yana ta waya, ya buga zanen ya miƙa wa magina a haka.

Ranar tarewa shi ya turo keken da kansa, 'yan uwa na biye. A bakin lungu keken ya cije. Ya ja baya ya sake gwadawa, tayoyin suka daki bango hagu da dama.

Kawu Manga ya ɓata rai. "Maginan nan sun ci wuri ke nan?"

"Ba su ba ne, Kawu," in ji Suhail, kansa a ƙasa. "Haka na zana."

Kawu ya dube shi. Dole Suhail da wani ƙaninsa suka ciccibi tsohuwar kamar jaririya. Mace ce da ko ruwa ba ta son a miƙo mata in tana iya ɗauka. Ta runtse ido, tana riƙe da bakin zaninta da hannun da ke aiki, har aka ajiye ta a gado.

Da ta huta ta kalle shi ta ce, "Mai gida, ɗakin naka da sanyi kuwa."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ya so a ɓare allon lungun washegari, amma ana tsakiyar damina, maginan sun koma wani aiki. Kafin su samu zuwa, Dada ta daina fita. Ba ta son a ɗauke ta, don haka ko sunan jikar ƙawarta ba ta je ba, daga taga ta yi ta gaisa mutane. Duk zuwan da Suhail zai yi, sai ya tsaya a bakin lungun ya kasa sallama.

Daga baya aka cire allo da soson wannan sashe, keken ya samu wucewa da ƙyar. Yanzu kowace Asabar yakan zo ya tura ta waje shan iska, bayan hannunsa na gogar bulo. Ita kuwa ba ta taɓa tayar da maganar ba, sai dai ta tambaye shi ko ya ci abinci.